Ƙanwar Sarauniya

Ba kallon rawa ne ya kai Shu'aibu ɗakin taron ba. Takubbansa ya je dubawa.

Shi ya ƙera su a shagon waldar ubangidansa da ke bayan tashar Kawo: takubba da garkuwoyi na langalanga, da kwalkwali guda mai tsini. Malam Gambo, shugaban ƙungiyar masu wasan, ya miƙa masa tikiti ranar da ya zo ɗaukar kayan, ya ce, "Ka zo ka ga yadda ƙarfenka zai yi yaƙi." Shu'aibu ya so ya ce ba shi da lokaci. Amma akwai wata ƙota da bai gamsu da ɗaurinta ba, tana ta yi masa ƙaiƙayi a rai. Don haka ranar Asabar bayan la'asar ya dirje hannunsa da omo, ya sa shaddarsa ta Juma'a, ya samu kujera can baya kusa da ƙofa.

Wasan na rayuwar Sarauniya Amina ta Zazzau ne. Da rawa ake ba da labarin, magana kaɗan ce.

Aka rage fitilu. Tambari ya yi gurnani, har kujerar da yake kai sai da ta amsa. Wata 'yar yarinya ta fito a fadar kakanta, ta tsallake 'yartsana ta ɗauki wuƙa. Kafin ka ce kwabo ta girma, ta zama doguwar budurwa baƙa, kallabi tsakanin rawuna. Masu neman aure suka yi ta zuwa, kowa da irin takunsa, mai shanu, mai huhun goro. Ta kalle su sama da ƙasa ta juya musu ƙeya, ɗaki ya kwashe da dariya. Sai yaƙi. Samari suka jeru kafaɗa da kafaɗa suka zama ganuwa, suka kewaye ta, suka watse, suka sake zama wata ganuwar a wani garin. Shu'aibu ya manta da zancen ƙota. Bai taɓa sanin ana iya gina birni da ƙafafun mutane ba.

Amma ba sarauniyar ce ta tsaya masa a rai ba. Ƙanwarta ce, Zariya.

Ba ta da sulke, ba ta da dakaru. Duk sa'ad da yayarta ta fita yaƙi, ita tana gefen dandamali tana rawar jira: ta taka gaba, ta leƙa hanya, ta dawo. Hannunta kaɗai ya ishe ta magana. Da labari ya kai Atagara, inda ake cewa a can sarauniyar ta kwanta dama, sai kiɗa ya ɗauke ɗif. Aka kawo wa Zariya takobin yayarta. Ta rungume shi, ta ɗaga kai, ta kira sunan da muryar da ta tsaga ɗakin:

"Aminaaa!"

A kan wannan kiran makaɗa suka faɗo gaba ɗaya, tambura da kalangu da kakaki. Tsikar jikin Shu'aibu ta tashi. Ya waiga hagu da dama, ko wani ya ga ya share ido.

Da aka tashi ya zagaya baya wajen kayansa. Yana tsugune yana jijjiga ƙotoci, sai ya ji an tsaya a kansa.

"Malam, kai ne maƙerin?"

Ita ce. Ta sauya kaya, ta sa hijabi ruwan toka, amma kwallin da aka ja mata har gefen ido yana nan.

"Mai walda ne," ya ce.

"To, mai walda, ga aikinka." Ta buɗe tafin hannunta. Yanka ne siriri ya bi gindin yatsu, jini ya bushe a kai. "Abokan gaba ba su taɓa ni ba. Takobin gidanmu ne ya sare ni."

Ya karɓi takobin ya shafa. Ƙotar nan ce. Bakin langalangar ya ɗago, bai bi shi da magagari ba.

"Laifina ne."

"Shi ke nan? Ba sannu, ba Allah ya sawwaƙe?"

"Sannu."

"Kai, Allah ya yi mana arzikin magana." Ta yi dariya, wushiryarta ta fito. "Sunana Atika. Asabar mai zuwa akwai wani wasan. In ya sake yanka ni, sai gaban alƙali."

"Ba zai sake ba."

"Ba ni lambarka dai, saboda sammaci."

Washegari ya goge bakin ƙarfen har ya yi sumul. Bai tsaya nan ba. Ya je wajen dukawa ya sayo jar fata mai laushi, ya naɗe ƙotar, ya ɗinke da hannunsa. Ya aika da shi. Da yamma saƙo ya shigo:

"Salam. Mai ƙara ce. Takobi ya iso. Wa ya ce ka naɗe shi da jar fata? Yanzu sarauniya ta fara kishi, ta ce wanda take yaƙi da shi bai kai wanda ake kawo min kyau ba. Na janye ƙara. Na gode, Sarkin Maƙera."

Ya rubuta, ya goge. Ya sake rubutawa, ya goge. Daga ƙarshe ya tura:

"Hannun fa?"

"Ya warke. Ashe akwai tambaya a bakinka."

Daga nan kujerar kusa da ƙofa ta zama tasa duk Asabar. Daga kujerar kuma ya zarce zuwa zauren gidansu a Unguwar Kanawa, bayan ya gaida mahaifinta, Malam Yusuf tela, ya faɗi ɗan gidan wane ne shi. Atika tarihi take karantawa a kwaleji. Mahaifinta ya yarda da wasan bisa sharaɗi: jiki a rufe, kuma magariba ta yi mata a gida.

Zancensu, ita ce mai magana, shi ne mai saurare. Hakan bai dami kowa ba.

"Ka san da farko ni aka ba wa sarauniya?" ta ce wata rana. "Na ce a ba ni ƙanwar. Kowa so yake ya zama mai fita yaƙi. To wa ya zauna ya riƙe gidan?"

"Ni ma ita na kalla."

"Ita, ko ni?"

Ya kalli tabarma.

"Ke."

"Alhamdu lillahi! Yau Sarkin Maƙera ya yi doguwar huɗuba."

Ita ta gaya masa sirrin kiran nan. Makaɗan suna bayan labule ne, ba sa ganin dandamali. "Sunan kawai suke jira. In ban kira ba, ko za a kwana ba mai taɓa fata. Haka Malam Gambo ya hore su."

"Da Inna ta ga wasan nan," ya ce, "da ta sha gyara muku. 'Yar Turunku ce, garin su sarauniyar. A gindin tsohuwar ganuwa aka haife ta." Ya ƙara da cewa, "Takwarar sarauniyarku ce ma."

Atika ta dafe baki.

"Inna lillahi! Kana zaune kana jina ina kwarara sunan Inna duk Asabar, ba ka taɓa ce min uffan ba?"

"Ai a dandamali ne."

"Haka ne," ta ce a hankali, kamar mai lallashin kanta. "A can ba ni ba ce. Zariya ce ke kiran yayarta."

Komai yana tafiya lafiya har Abdulmalik ya shigo ciki.

Ɗan wani mai shagon atamfa ne, mai mota da turare. Kujerar gaba yake zama. Wata Asabar, ana tsakiyar rawar jira, ya haye dandamali ba wanda ya gayyace shi, ya shiga yi wa Atika liƙi, yana manna mata sababbin kuɗi a goshi, abokinsa na ɗauka a waya. Ba ta tsaya ba. Ba ta kalle shi ba. Amma hoton da ya bazu bai nuna wannan ba. An yanke shi daidai inda hannunsa ke goshinta, an rubuta a ƙasa: "Amaryar gobe."

Kafin Juma'a ya zagaye wayoyin matan Kawo. Jummai maƙwabciya ce ta kai wa Inna har ɗaki.

Inna mace ce ta da. Tun da aka kawo ta gidan Malam Tanko, malamin allon unguwar, ba mahaluƙin da ya taɓa jin sunansa a bakinta. Shu'aibu ma, da yake ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Kai wannan, zo nan." Ta miƙo wayar Jummai da yatsu biyu kamar mai riƙe da ƙazanta. "Wannan ce kake cewa a je a tambayo maka?"

"Ita ce, Inna."

"Mace na rausaya, ƙato na manna mata kuɗi a goshi, duniya na kallo."

"Ba haka abin yake ba."

"To yaya yake? Ni ba ruwana da kyanta. Kunya nake nema wa gidan nan. Wadda ta saba da idon jama'a, wane ido ne kuma zai sa ta sunkuyar da kai? Gobe a tsakar gidan nan za ta tsaya ta kira ni gatsal kamar sa'arta. Ban yarda ba. Ka nemi wata."

Bai yi musu ba. Bai iya ba. Ya koma shago ya sa gilashin walda, ya yi ta ƙona ƙarfe. Kalmomin nan biyu na ƙasan hoton suna ta yi masa yawo a ido tare da tartsatsin wuta. Ya san Abdulmalik yana da abin da shi ba shi da shi. Asabar ta zo, kujerar kusa da ƙofa ta wuni ba kowa.

Saƙonni suka yi ta shigowa.

"Sarkin Maƙera, yau na leƙa hanya da gaske, ba ta wasa ba. Ban gan ka ba. Lafiya?"

"Na san ka ga hoton. Ka tambaye ni mana."

"Maƙerina, ko zagi ne ka turo. Shirun nan ya yi yawa."

Ya karanta duka. Bai amsa ko ɗaya ba.

Ran Talata da hantsi, yana durƙushe kan wata ƙofar gida da yake haɗawa, ya ga inuwar hijabi ta faɗo kan ƙarfen. Ya kashe injin.

"Cire gilashin nan," Atika ta ce. "Da mutum na zo magana."

Ya cire.

"Ka ga na ɗaga ido na kalle shi?"

"A'a."

"Ka ga na sunkuya na ɗauki ko takarda ɗaya? Makaɗa ne suka share abinsu. Dokar Malam Gambo ce, in an fara ba a tsayawa ko rufi zai faɗo."

"Ya rubuta amaryar gobe."

"Shi ya rubuta. Ni na rubuta? Har gida ya aiko. Baba ya kira ni ya tambaye ni, na ce masa ina da maƙeri."

Wani abu da ya tokare masa ƙirji tun kwanaki ya sauka. Amma na ƙarƙashinsa yana nan.

"Inna ta gani," ya ce. "Ta ƙi."

Atika ta sauke ido. Hayaniyar 'yan kamasho na tasha ta cika wurin.

"To ka ce min haka mana," ta ce, muryarta ta sauka. "Shirunka ya fi takobinka yanka." Ta murza bakin hijabinta. "In rawar ce matsalar, zan bari. Wallahi zan bari."

"A'a."

"Me ya sa?"

"A can na gan ki. Ba zan kashe abin da na gani ba."

Ta juya fuska gefe don kada yaran shago su ga idonta. "Ka ji shi. In ya tashi magana sai ya kayar da mutum."

Da safe, bayan an tashi daga karatu, ya samu mahaifinsa a zaure ya zayyana masa komai. Tun da aka haife shi bai taɓa yin magana mai tsawon wannan ba. Malam Tanko ya saurara har ƙarshe, sannan ya shiga cikin gida, ya sa aka kira Inna.

"Kin ga ƙiftawar ido a waya kin yanke hukunci," ya ce. "Ko alƙali sai ya ji ta bakin kowa. Ki je ki gani da idonki. In kin dawo kin ce a'a, magana ta mutu. Ni ba zan tayar da ita ba, shi ma ba zai tayar ba. Ka ji ko?"

"Na ji, Malam," Shu'aibu ya ce.

"Ni?" in ji Inna. "Matar malam, a gidan rawa?"

"An ce labarin garinku ne. Je ki ga ko ƙarya suke shara wa Turunku."

Inna ta yi tsaki ƙasa-ƙasa. Amma an taɓo ta inda yake mata ƙaiƙayi.

"Zan je. Sai dai kai wannan, kada ka kuskura ka gaya mata. Ba na son ladabin ganin ido."

Bai gaya mata ba. Saƙon da ya tura ranar Asabar gajere ne:

"Zan zo yau, Gimbiya."

"Allah ya kawo ka. Yau akwai baƙi daga Abuja, su za su zaɓi ƙungiyar da za ta je babban bikin al'adu. Malam Gambo ko abinci bai ci ba. Ka yi min addu'a, Maƙerina."

Suka shiga keke napep daga Kawo, Inna ta naɗe cikin babban hijabinta tana jan carbi. Saboda idonta ba ya hango nesa, dole ya bar kujerarsa ta kusa da ƙofa, suka zauna tsakiya, daf da gaba. Abdulmalik yana sahun farko. An tsayar da ƙarti biyu a matakalar dandamali.

Tambari ya yi gurnani. Inna ta ce, "A'uzu billahi."

Da uwar sarauniya ta fito, Inna ta ce, "Bakwa ce wannan? Haka ake ɗaura zane a Turunku?" Da aka fara korar masu neman aure, Shu'aibu ya ji kafaɗarta na girgiza cikin hijabi. Da samari suka jeru suka zama ganuwa, carbin ya tsaya a hannunta.

"Haka take," ta ce ƙasa-ƙasa. "Wallahi haka ta zagaya. A gindinta muka yi kiwon awaki."

Sai Zariya ta fito rawar jira. Doguwar riga har ƙasa, mayafi a kai. Ta taka, ta leƙa hanya, ta dawo.

"Ita ce?"

"Ita ce."

Inna ta zuba mata ido. Ya saci kallon fuskarta, bai karanta komai ba. Yabon ganuwa daban, yarda da suruka daban, ya sani.

Labari ya kai Atagara. Kiɗa ya ɗauke. Aka kawo takobin mai jar ƙota. Atika ta rungume shi, ta tako bakin dandamali, ta ɗaga kai. Idonta ya tafi can baya wajen ƙofa, kamar kullum. Bai same shi ba. Ya dawo yana lalube, ya faɗa kansa a tsakiya. Sannan ya faɗa kan matar da ke gefensa, mai goshi irin nasa sak.

Ta buɗe baki. Ba abin da ya fito.

Ta sake buɗewa. Leɓenta ya motsa, ya rufe.

"Yaya..." ta ce, da wata 'yar murya.

Bayan labule tsit. Ba shi ne abin da makaɗa ke jira ba.

Shirun ya yi tsawo. Wani ya yi tari. Wata ta yi dariya daga baya. Ɗaya daga cikin baƙin Abuja ya duba agogo. A gefen dandamali ana hango Malam Gambo yana ɗaga hannu sama kamar mai korar tsuntsaye a gonar gero.

"Ta manta!" Abdulmalik ya ce da ƙarfi, yana dariya. Ya kewaye baki da hannu yana raɗa mai amo. "Amina! Ce Amina mana!"

Atika ba ta ko dubi inda yake ba. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Ta sunkuyar da kai. Sannan a hankali ta sauka, ta durƙusa har ƙasa da takobin a hannu, irin durƙuson da ba ya cikin wasan, fuskarta na fuskantar kujerun tsakiya.

Shu'aibu ya runtse ido. Ya san abin da ya ɗaure mata harshe, ya kuma san ta zubar da Abuja a gaban kowa. Ya ji kamar ya tashi ya kira sunan a madadinta. To shi ma ɗin, da wane bakin?

"Kai wannan," Inna ta ce, ba ta ɗauke ido daga dandamali ba. "Ta san sunana?"

"Ta sani."

"Ta san ni ce nan?"

"Yanzu ta gane."

Inna ta ajiye carbi a cinya. Ya ga hannunta ya fito daga hijabi, ya tafi hancinta. Kafin ya gane me ke faruwa, matar Malam Tanko ta rangaɗa guɗa.

"Ayyiririiiii!"

Guɗa ce ta mutanen da, doguwa, mai kaifi, irin wadda ake ji daga wannan ƙauye zuwa wancan. Ta tsaga ɗakin ta ratsa labule. Makaɗan da suka gaji da jira suka ɗauka sabon shiri ne, suka faɗo gaba ɗaya, tambura da kalangu da kakaki. Jama'a suka miƙe tsaye da tafi. Atika ta tashi, hawaye na wanke mata kwalli, ta ƙarasa rawarta.

Inna ta mayar da hannu cikin hijabi, ta ɗauki carbi.

"Astagfirullah," ta ce. "In ka gaya wa Malam, ban yafe ba."

Da aka tashi ta ce a kai ta inda yarinyar take. Tun daga ƙofar baya suke jin muryar Malam Gambo.

"Kalma ɗaya! Kalma ɗaya tak aka ba ki a duk wasan nan! Wata nawa kina faɗarta? Sai yau da baƙi suka zo? Kin gama min Zariya, wallahi kin gama!"

Atika na tsaye kanta a ƙasa. Tana hango Inna ta zube.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau. Ke ce ba ki iya kiran suna ba?"

"Bakina ne ya ƙi, Inna."

Inna ta ƙare mata kallo. Sannan ta kama hannunta ta ɗaga ta, ta buɗe tafin, ta ga siririn tabon da ke gindin yatsu.

"Wannan fa?"

Atika ta saci kallon Shu'aibu. "Tsautsayi ne."

"Uhm. Na san tsautsayin." Inna ta juya wajen Malam Gambo. "Kai kuma bawan Allah, ka rage murya. Yarinya ta ji kunyar uwar mijinta, shi ne za ka tara mata jama'a?"

Malam Gambo ya saki baki. Ya kalli Inna, ya kalli Atika, ya kalli mai waldarsa.

Shu'aibu kuwa bai ji sauran maganar ba. Kalma biyu ya riƙe. Ya jingina da bango.

A keke napep, a hanyar komawa, sai da suka hango gadar Kawo sannan Inna ta juyo gare shi.

"Ka gaya wa Malam ya sa ranar da kawunnanka za su je Unguwar Kanawa." Ta gyara hijabi. "Kuma ka gaya wa mai tsawar nan, ba haka ake ɗaurin zanen Bakwa ba. Ya aiko a koya masa."

Da ya sauka ya tura saƙo:

"Kin ji abin da ta ce?"

"Na ji. Tun ɗazu nake kuka, Umma ta ɗauka don Abuja ne."

"Ba don Abujar ba ne?"

"Rabi-rabi. Maƙerina, me ya sa ba ka gaya min za ta zo ba?"

"Ta hana."

"Gara da ba ka faɗa ba. Da na yi ta shiri, da na ɓata."

An zaɓi ƙungiyar, amma Abuja dai wata ce ta je a madadin Atika. Malam Gambo bai sauko da wuri ba. Atika ta yi kukanta ta share. Sai bayan sun dawo ya aiko a kira ta, ya hore makaɗansa su riƙa jiran "Yaya". Abdulmalik bai sake zama a sahun gaba ba.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Yusuf tela. Almajiran Malam Tanko na da da na yanzu suka cika layin, 'yan walda na Kawo suka zo da hannayensu a dirje. Da aka yi jere, Atika ta ce kafin a ɗora ko kwano ɗaya, a fara rataye mata takobin nan mai jar ƙota a bango.

Ranar buɗar kai mata suka cika tsakar gida. Aka nemi maguɗiya, aka ce ta makara.

"Ana neman maguɗiya ga gwana a zaune?" in ji Jummai, wadda labari bai taɓa wuce ta ba.

"Ke Jummai, ki kiyaye ni," Inna ta ce. "Sau ɗaya na yi, na kuma yi istigfari."

Aka zaunar da amarya a gabanta. Inna ta kama bakin mayafin ta ɗaga a hankali. Atika ta ƙi ɗago ido.

"Ɗago mana, Zariya," Inna ta ce. "Yayarki ce a gabanki. Kin yi ta leƙen hanya, ga shi kin iso gida."

Atika ta kifa kai a cinyarta. Inna ta dafa ta, ta waiga wajen zaure ta tabbatar Malam ya fita masallaci. Sannan hannunta ya tafi hanci.

Shu'aibu yana ƙofar gida cikin abokai ya ji ta. Malam Tanko ma, da bai yi nisa ba, ya ji. Ya tsaya da buta a hannu, ya saurara har ta ƙare, ya girgiza kai yana murmushi.

"Rabona da jin wannan muryar tun kafin in auro ta," ya ce wa ɗansa. Ya ɗora masa hannu a ka. "Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya sa kunyar da ta shigo da ita gidan nan ta bi zuriyarku. Allah ya yi muku albarka."

"Amin," Shu'aibu ya ce.

Abokai suka jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Ya zaro waya ya rubuta wa wadda ke cikin gida:

"Sannu da zuwa, Gimbiya."